Kalankuwa Ba Ta Yiwuwa Sai da Rumbu

Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, da wuya matafiyi ya ga taƙin ƙasa da ba a nomawa. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Wannan cunkoso ne ya ja hankalin masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya nazarci yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Asirin yana cikin takin dabbobi, da tokar birni da jakuna ke ɗaukowa, da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, da kuma gawo, bishiyar da ke kakkaɓe ganyenta da damina don shuka ta sami rana, ta sake tofo da rani dabbobi su ci.

Mutanen da suka riƙe ƙasa haka suna da nasu lissafin shekara. Malaman karkara sun kasa ta gida huɗu: bazara, damina, kaka da ɗari, kowanne da taurari 7, kusan kowane tauraro da kwana 13. Da wannan lissafi ake kintatar lokacin shuka da lokacin marka, sa'ad da ruwan Agusta ke yini yana zuba, katangar ƙasa na jiƙa, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Wanda ya san yunwar marka shi ya san daɗin tumun farko.

Sallah tana bin wata, shi ya sa take zagaya shekara, tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka. Bukukuwan kaka kuwa ruwan sama suke bi. Sai an girbe gero, an tuge gyaɗa, an ɗaure dawa dami-dami, an fitar da zakka ɗaya bisa goma, an ɗora harawa a kan bishiya, sannan samari da 'yan mata ke shirya kalankuwa. A nan makaɗa ke samun rabonsu, 'yan kokawa su gwada ƙwanji, mahauta su zagaya garuruwa da dambe. A nan ake yaba saurayin da ya yi fice a gayya, a nan ake ganin juna, bayan kaka kuma a ɗaura aure. Kalankuwa shaida ce cewa rumbu ya cika.

Abin da nake gani a 'yan shekarun nan shi ne wannan shaida tana dusashewa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Rabon gado ya yayyanka gonaki har wani magidancin ba ya noma abin da zai kai shi bazara. Birnin Kano yana ta cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, ana mayar da su fuloti. Tsadar takin zamani ta sa manomi cin bashi tun shuka, ya biya da amfanin gona tun kafin ya shiga rumbu, buhunan su wuce kasuwar Dawanau. Samarin da a da suke jiran a gama biki kafin su tafi cin rani, yanzu ana sauke lauje suke hawa mota. Gawo da ɗorawa kuwa gatari ya tasa su gaba saboda itacen girki.

Yankin nan ya sha ganin masifa. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, cutar gyaɗa ta 1975 ta karya noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Duk da haka mutane sun farfaɗo, domin ƙasar tana hannunsu, sanin sarrafa ta yana kansu. Gonar da aka zuba wa siminti ba ta farfaɗowa.

Saboda haka nake jan hankalin masu son raya al'adu: tara makaɗa a filin wasa sau ɗaya a shekara ba zai dawo da kalankuwa ba. Ƙananan hukumomi da hakimai su zauna su shata gonakin da ba za a yanka fuloti ba. Hukumar KNARDA ta kai taki da iri kafin ruwan farko. Hasashen damina da NiMet ke fitarwa kowace shekara ya riƙa isa ga manomi da Hausa, ta rediyo da bakin limamai, a jera shi da lissafin taurarin da ya saba da shi. Dagatai su dawo da tsawatarwa a kan sare gawo. Mu ma da ke jami'o'i, mu tura ɗalibai su rubuta abin da tsofaffin manoma suka sani tun suna raye.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daminar baɗi tana tafe, kuma yanzu ne lokacin shirinta.