Jika Hamsin Da Biyu Da Rabi: Ina Rabon Yaran Kara?

Tun ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2023 mafi ƙarancin albashi a ƙasar Togo ya tashi daga jika 35 zuwa jika 52 da rabi, watau sefa 52,500 a wata. Faure Gnassingbé, wanda shi ne shugaban ƙasa a lokacin, ya yi shelar ƙarin a jawabinsa na ƙarshen shekarar 2022. A kwanakin da suka biyo baya babu rumfar da ba a yi zancen ba, daga Be har Agoe-Zongo. Masu gadi da leburorin kamfanoni suka yi ta hamdala. Mu kuwa 'yan kara sai muka dubi juna, domin kuwa a cikin yaran da ke kwana da shanunmu a Adetikope, da masu loda su a tirela, da masu kora su zuwa kwata, da wuya ka sami guda wanda sunansa yake cikin littafin albashi na kowa. To, shi wannan ƙari ya shafe su ko bai shafe su ba? Abin da muka ga ya kamata mu zauna mu duba ke nan.

Dattawanmu ba su manta da jika 13 da 'yan kai ba. Sefa 13,757, shi ne mafi ƙarancin albashi tun daga 1990, kuma a haka ya daskare har 2008. A cikin waɗannan shekaru aka yi dogon yajin aikin nan na 1992 zuwa 1993, aka kuma karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Mu masu shanu, in za a faɗi gaskiya, karyewar ba ta yi mana mugun lahani ba, don daskararren naman da ake kawowa daga Turai ya yi tsada, mahauta suka dawo kan shanun Sahel, sa ya yi daraja. Amma lebura mai jika 13 ya kwana da kuɗinsa ya tashi ya tarar magani da shinkafar waje sun yi tashin gwauron zabo. Sai a 2008 aka kai albashin jika 28, a 2012 ya zama 35, ya sake kwanciya shekara 11 kafin wannan ƙari. Maƙwabta ma sun motsa: Benin ta kai jika 52 a 2023, Burkina 45, Nijar kuwa 42 daga farkon 2024.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Jika 52 da rabi in ka raba ta kwana 30, sefa 1,750 ke nan a yini. Kuma ba duka ke shiga aljihu ba. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS ana cire masa kashi 4 cikin 100, ga kuma kashi 5 na inshorar lafiya ta AMU da aka soma a watan Janairu na 2024, sai ya tashi da sefa 47,775. A cikin wannan zai ci, ya ciyar, ya hau zemijan, ya biya wuta da ruwa. Man fetur da ake sayarwa 505 lita a farkon 2022, kafin watan Yuli ya ƙare ya kai 700, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar hayar mota daga Sinkase zuwa Lome ya san cewa in mai ya tashi, komai sai ya bi shi, daga kwanon masara har damin harawa.

Haya ita ce uwa uba. A watan Janairu na 2022 gwamnati ta kafa doka cewa a birnin Lome da kewaye kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata uku na ajiya da wata uku na gaba. Kafin nan wasu har na shekara guda suke nema. Dokar ta kyauta. Amma a ce ɗaki ciki ɗaya jika 10 ne a wata, misali kawai muka yi, wata shida jika 60 ke nan, ya ɗara albashin wata ɗungurungum, ba a ma sayi tabarma ba tukuna. Wannan fa lissafin mai albashi ne, wanda ya san ranar da kuɗinsa za su zo.

Yaron kara bai san wannan rana ba. Tsarinmu tun zamanin kakanni, tun Zongo yana tsakiyar gari kafin a rushe shi a 1977 a tura mutane arewa da birni, shi ne mai gida ya sauki baƙo, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya tsaya masa a kan bashin mahauta, dillali ya ci la'ada, yaro kuma ya sami ɗan abin da aka jefa masa bayan an sallama, da tuwon dare, da rigar Sallah. In ya yi ciwo mai gida ya kai shi asibiti, in ya isa aure a yi masa. Ba mu raina wannan tsari ba, ya riƙe mutane shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Sai dai shi tsarin yana tafiya ne in shanu suna sauka. Tun da tashin hankali ya shigo yankin Savanes, aka sa dokar ta-ɓaci a can a 2022, ga hanyar Burkina ta zama abin da ta zama, ga Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah ta 2025, sau nawa muka ga sati ya wuce ba a sauke abin kirki ba? A irin wannan sati mai albashi yana nan da albashinsa. Yaro kuwa sai ya koma gindin bishiya yana jiran Allah yana jiran mai gida, shi ma mai gidan kuɗinsa suna hannun mahauta.

A nan ne mutum zai ce, ai gwamnati tana da taimako na marasa albashi. Gaskiya ne, akwai, kuma mun gani da idonmu. A watan Afrilu na 2020, da cutar korona ta sa aka kafa dokar hana fita da dare a Lome, aka fito da shirin Novissi, wanda a harshen Ewe yake nufin zumunci. Mutum ya danna *855# a wayarsa, in ya cancanta kuɗi su shigo ta TMoney ko Flooz. Mace jika 12 da 250 a wata, namiji jika 10 da rabi, watau kashi 35 da kashi 30 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin wancan lokaci. Fiye da mutum dubu 500 suka samu a zagayen farko, har ƙasashen waje suka yi ta yabon Togo a kai. An yi shi ne takanas domin irinmu, masu neman na yau a yau.

To amma ina ƙofar shiga? Katin zaɓe. Da shi aka tantance kowa, saboda an sabunta rajista gab da zaɓen watan Fabrairu na 2020, kuma masu katin zaɓe sun fi masu katin ɗan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Na'ura tana duba abu biyu a rajistar: sana'ar da aka rubuta maka, da inda ka yi rajista. Wanda yake zaune a Be amma katinsa na can ƙauyensu ne, na'ura ba ta san shi a Lome ba. Wanda kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da katin ma sam. Sai aka wayi gari a rumfa ɗaya, yara biyu masu jan igiya ɗaya, wayar wannan ta yi ƙara, ta wancan shiru. Kai, abin da ban tausayi! Ba mu ce hukuma ta yi zalunci ba, kowace gwamnati da 'yan ƙasarta take farawa, kuma cikin gaggawa ba ta da wata rajista da ta fi wannan. Abin da ya fi ci mana rai shi ne na gida: yaran da a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, kakanninsu ne suka zo daga Sakkwato ko Kano ko Dogondutsi tun zamanin Jamus da Faransa, amma ba wanda ya taɓa zuwa ofishin magajin gari ya karɓo musu takardar haihuwa. An yanka ragon suna, an raba goro, an watse. Ba takardar haihuwa, ba takardar zama ɗan ƙasa, tunda ita sai an bi asalin iyaye da takardunsu. Wannan sakaci namu ne, kada mu ɗora wa kowa.

Sauran taimakon ma kowanne da ƙofarsa. Kuɗin da hukumar ANADEB ta riƙa rabawa, jika 15 duk wata uku, gidajen da aka tantance ne a matalautan yankuna, galibi a karkara. School Assur da aka soma a 2017 an yi shi ne domin 'yan makarantar gwamnati, yaron da ke makarantar allo kaɗai bai shiga ciki ba. Wezou na 2021 na mata masu ciki ne da jarirai, wannan kam matanmu su je awo su nemi a rubuta su. AMU kuwa da ma'aikata da 'yan fansho ta fara.

Akwai abu biyu da ke hannunmu. Na farko, tun watan Janairu na 2022 takardar haihuwa kyauta ce a Togo, muddin an kai rahoto cikin kwana 45. Kwana bakwai ake suna, saura kwana 38, me zai hana? Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu a yi masa takardar madadi, da shaidu da ɗan kashe kuɗi, kuma muna ganin ƙungiya za ta iya tattara sunayen irin waɗannan yara ta kai su gaba ɗaya maimakon kowa ya yi ta yawo shi kaɗai. Ga kuma rajistar e-ID ta hukumar ANID, mai ɗaukar hoton yatsu da ido ta ba mutum lambarsa. Ita wannan ta duk mazaunin ƙasa ce, ɗan ƙasa da baƙo, kuma kyauta. Ba ta mai da baƙo ɗan ƙasa, kada wani ya ruɗe ku, amma da ita ake nufin tantance masu samun taimako. Mun san wasunmu suna gudun duk abin da ya shafi rubuta suna, suna cewa wai tarkon haraji ne. Haraji ai yana samunmu a ƙofar kara kullum, da rajista ko babu.

Na biyu ya fi nauyi a baki. Mai gidan da ya ce zai sa yaronsa a littafi bisa doka, ban da jika 52 da rabi sai ya ƙara kashi 17 da rabi na CNSS da kashi 5 na AMU, abin ya haura jika 64 a wata. Manyanmu masu tireloli da direbobi da magatakarda za su iya, kuma ya kamata su yi, don direban da ke hanyar Dapaong dare da rana ba a san abin da zai same shi ba. Ƙaramin dillali mai jiran la'adar sa biyu ba zai iya ba, mun sani. Amma ko shi zai iya zama ya lissafa abin da ya shiga hannun yaronsa a watan jiya, da tuwon da komai, ya gani ko ya kai 1,750 a yini. Wasu daga cikinmu sun gwada wannan lissafi a rumfa bayan la'asar. Da aka zo kan watan da shanu ba su sauka ba, sai aka ajiye alƙalami aka shiga zancen farashin dusa.

Za mu kawo maganar takardun haihuwa a zaman ƙungiya mai zuwa. Kowane mai gida ya zo da sunayen yaransa, da shekarunsu, da garin da aka haifi kowanne.