Yadda tauraron ɗan baya ke dusashewa: misalin Shehu Abdullahi

Masu kallon ƙwallo a gidajen kallo na Gusau da Tsafe ba su manta Shehu Abdullahi ba, ɗan Sakkwato da ya yi fice a Kano Pillars, ya kuma ciyo tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta 2016 a Rio. Shi ya tsare gefen dama ranar da Kuroshiya ta doke Super Eagles 2-0 a kofin duniya na 2018. A wasa na gaba koci Gernot Rohr ya sauya tsari, ya ba Victor Moses gefen, Shehu ya koma benci.

Sai rauni ya biyo baya. A kofin Afirka na 2019 a Masar, ya fita daga wasan farko da Burundi tun kafin hutun rabin lokaci.

Nan wahalar ɗan baya na gefe take. Aikinsa gudu ne, kai hari da dawowa, kuma cinya idan ta taɓu, taku ɗaya da ya rage ya isa ɗan gaba ya wuce. Kafin ya warke, yara irin su Ola Aina sun riƙe gurbin. Bayan zama a Turkiyya da Saifurus da Bulgeriya, Shehu ya dawo gida Kano Pillars.