Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Ɗalibin Jami'a da Rayuwar da Ke Jiransa

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, gidaje da yawa a Salaga da Yendi da Bawku na arewacin Gana sukan shiga hidima. Wannan ya sayar da doya, wancan ya kai bijimi kara, wata ta kwashi adashinta, kawu da ke Kumasi ya turo nasa ta MoMo, a haɗa kuɗin makaranta da na ɗaki, a raka yaro ko yarinya tasha. Wasu Tamale za su nufa ko Nyankpala, wasu Navrongo ko Wa, wasu su gangara kudu zuwa Kumasi, Legon, Cape Coast ko Winneba. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, masu wannan tafiya sun ƙaru ƙwarai, har daga gidajen da ba a taɓa samun ɗan jami'a ba. Abin godiya ne. Sai dai yadda ake shiga da yawa haka ake fita da yawa, kuma kowa aiki yake nema.

Ya kamata ɗalibi ya san yadda hanyar take tun daga ranar farko. Bayan shekaru huɗu na digiri akwai shekara guda ta bautar ƙasa, wadda Gana ta kafa tun 1973. Ana biyan alawus a cikinta, wanda aka ɗaga zuwa sidi 715 da 'yan kai a 2023. Ranar da shekarar ta cika alawus ya tsaya, daga nan kuma kowa tasa ta fisshe shi. Gwamnati ta taɓa gwada rage cunkoso da shirin NABCO a 2018, ta ɗauki matasa kimanin 100,000 tana ba su sidi 700 a wata, amma na wucin gadi ne, an rufe shi a 2022. Wanda ya fito kwalejin horar da malamai, irin ta Gbewaa da ke Pusiga kusa da Bawku ko ta Bimbilla, sai ya samu lasisin koyarwa, wanda aka fara jarrabawarsa a 2018, kafin ya sa ran aji. Wadda ta gama koyon jinya a Kpembe ko a Bawku takan yi zaman jiran a tura ta wurin aiki, wani lokaci har a shiga shekaru. Don haka tambayar da ta dace ɗalibi ya riƙa yi wa kansa tun yana aji ɗaya ita ce: ranar da alawus ya tsaya, me na iya wanda wani zai biya ni dominsa, kuma wa zai tsaya ya shaide ni?

Karatun kansa shi ne farko

Wani zai ji wannan ya ce ashe kwalin ba shi da amfani. Yana da amfani, domin akwai wuraren da ba a ko duban takardar neman aikinka idan babu shi. Tallafin ƙaro karatu, gurbin digiri na biyu, zama mataimakin malami lokacin bautar ƙasa, duk sakamako ake dubawa. Abin da sabon shiga bai cika sani ba shi ne makin aji ɗaya yana shiga lissafin ƙarshe. Yaron da ya saba da makarantar kwana, inda ƙararrawa ke tashe shi ta kuma kwantar da shi, yakan tarar da jami'a babu mai tsawata masa. Sai ya yi sakaci a shekarar farko, ya kwashe sauran shekaru uku yana biyan bashin maki.

Akwai kuma ɗabi'ar a haddace takardun malami daren jarrabawa, a juye a takarda, a manta. Yanzu an ƙara da kwafo aikin gida daga ChatGPT. Duka biyun suna iya kawo maki, amma mai ɗaukar aiki ba makinka zai ba wa lissafin kamfaninsa ba, kai zai ba wa. Wanda ya karanta akanta ya tabbata zai iya buɗe Excel ya daidaita littafin shago. Wanda ya karanta aikin gona ya tabbata idan manomi ya miƙo masa ganyen masara da tsutsa ta ci, zai gane cutar ya faɗi magani.

Zangon da ake kwana a ƙauye

Mutanen arewacin Gana suna da wata dama a ƙofar gida. An kafa Jami'ar UDS a 1992, zamanin Jerry Rawlings, ta fara karatu a 1993 da 'yan ɗalibai kusan arba'in a tsangayar aikin gona ta Nyankpala. Daga jikinta ne rassan Wa da Navrongo suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu a 2020. Abin da ta yi fice a kai shi ne zango na uku na shekarar karatu, wanda ake tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna a ƙauyuka na tsawon makonni.

Ga yadda abin yake. Mota ta sauke matasa goma ko fiye a ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba, da katifu da tukwane da gidan sauro, da garin rogo da kwalbar shito. Mai karatun likita ne da mai karatun noma da mai karatun koyarwa a haɗe. Sai su nemi kansilan yankin ya kai su gaisuwa wurin sarki, a miƙa goro, a faɗi abin da ya kawo su. Sau da yawa ajin firamare ne masaukinsu. Da safe su bi gida-gida: mutum nawa ne a gidan, me ake nomawa, ina ake ɗebo ruwa, famfon tuƙa-tuƙa nawa ne ke aiki, nawa ya lalace, mai naƙuda tafiyar awa nawa take yi kafin ta kai asibiti. Su zana taswirar ƙauyen, su zauna da maza daban, mata daban, a jera matsaloli a tantance wadda ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. A ƙarshe su rubuta rahoto, malamai su zo su yi musu tambayoyi a kai.

A kowane rukuni akwai mai ɗaukar wannan a matsayin horo, ya laɓe ƙarƙashin kaɗanya yana neman sabis ɗin waya, ya bar mutum biyu da rubutu. Ya yi asara babba. Tattara bayanai, magana da dattawa cikin ladabi, raba aiki da raba rigimar girki tsakanin abokai, rubuta rahoton da za a iya karewa, su ne ainihin abin da majalisun gundumomi da ƙungiyoyin raya karkara da ke cike da Tamale suke biyan mutane su yi. Wanda ba a UDS yake ba yana iya samar wa kansa makamancin wannan a dogon hutu: ya karɓi wasiƙa daga sashensa ya je koyon aiki a asibitin Yendi ko na Salaga, ko ofishin majalisar gari, ko gidan rediyo, ko cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, wadda ke da tasha a Manga kusa da Bawku. Ko ba a biya shi ba, ya fito da abin rubutawa a CV da kuma mutumin da ya ga aikinsa da ido.

Alƙalami da harshe

Salaga ta san darajar rubutu tun kafin a san jami'a. A zamanin fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga yana karantarwa, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Cikin ayyukansa na farko akwai littafi kan yadda ake tsara wasiƙa, domin ya ga sarakuna da fatake suna bukatar wanda zai rubuta musu magana ta fita daidai. Baturen Jamus Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906, a wurinsa ya samu tarin rubuce-rubucen Hausa. Malami ne da ya duba bukatar zamaninsa ya ɗora iliminsa a kanta.

Bukatar tana nan. Masu ɗaukar aiki suna yawan kukan mai digiri da ba ya iya tsara wasiƙar shafi ɗaya ko tsayawa minti biyar ya yi bayani. Wannan ba ya gyaruwa sai da yi: karanta littafi da ba na jarrabawa ba, karɓar aikin sakatare a ƙungiya, kai wa malami rubutu ya ja masa jan biro.

Sannan kada ɗanmu ya raina harsunan da ya tashi da su. Yaron zango a Bawku yakan ji Hausa da Kusasanci ko Mamprusanci ko Mosanci ko Busanci; na Yendi yana da Dagbanci, na Salaga yana da Gwanjanci. Idan ya ɗora Ingilishi mai kyau, ya ƙara da Faransanci, ya zama mutumin da ake nema. Gana ƙasashen Faransanci ne suka kewaye ta ta tudu, Bawku kuwa tana dab da Togo da Burkina Faso. Hedikwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Akra take, an kuma fara ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar a 2021. Dubi albasa kawai: ana noma ta da rani a yankin Bawku, duk da haka ana shigo da mai yawa daga Nijar, kuma da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 2023, manyan motoci suka maƙale a hanya, farashi ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin kudu. Tsakanin gona da kasuwa akwai ajiya, sufuri, takardun kwastan, lissafi da tafinta. Duk aiki ne ga wanda ya yi karatu bai kuma ɗauki kasuwar iyayensa abin kunya ba. Aikin bincike na shekarar ƙarshe ma gara a yi shi kan ruɓewar albasa ko doya ko sarrafa man kaɗanya, maimakon a kwafo batun da ba ya taɓa kowa.

Kuɗi da mutunci

A jami'a ne yawancin matasa suke fara riƙe kuɗi mai kauri. Tun 2022 asusun ba ɗalibai rance yana bayarwa da katin ɗan ƙasa ba tare da mai tsayawa ba. Sauƙi ne, amma bashi ne, za a biya. Ranar da kuɗin ya shigo waya ita ce ranar gwaji. Wani ya cire na ɗaki da na abinci da na littafi ya rubuta. Wani ya sayi sabuwar waya, ragowar ya zuba a cacar ƙwallo, kafin tsakiyar zango yana kiran mahaifiyarsa da ke sayar da koko. Caca haramun ce, kuma ko a lissafi an tsara ta ne mai kamfani ya ci. Haka masu kiran matasa taro a otal da alƙawarin aikin waje ko ribar dare ɗaya, su ce a fara biyan kuɗin rajista a kuma kawo mutum biyu.

Ƙaramar sana'a a makaranta, irin su aski, kitso, ɗinki, gyaran waya, sayar da rigunan fugu, koyar da yaran unguwa, tana koya wa mutum farashi da bashi da haƙuri da mai saye. Sharaɗin shi ne kada ta cinye lokacin lacca.

Mutanen da za ka fita da su

Yendi ta ga abin da rikicin sarauta ke jawowa daga 2002 har zuwa Janairun 2019, lokacin da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu bayan sulhun da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya jagoranta. Bawku ta sha dokar hana fita, kasuwa da makarantu sun ji a jikinsu. Ɗakin kwanan ɗalibai na daga cikin 'yan wuraren da yaran ɓangarorin da ba sa ga maciji a gida suke cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya je jami'a ya killace kansa cikin 'yan garinsu kaɗai ya dawo da tunanin da ya tafi da shi. A shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA, a shiga ta 'yan gari, amma a yi aboki Ba'asante da Ewe da Kirista, domin da su za a yi aiki gobe. Masu sha'awar siyasa akwai rassan manyan jam'iyyu a kowace jami'a. A koyi shugabanci da muhawara a can, kada a zama ɗan banga ko karen farautar wani a Facebook. Abin da aka wallafa yau, mai ɗaukar aiki zai iya tono shi bayan shekara biyar.

Malamai ma jari ne. Kowace takardar neman aiki ko tallafi tana son sunan wanda zai ba da shaida. Malamin da ke da ɗalibai ɗari uku ba zai tuna wanda bai taɓa tambaya a aji ba ko sallama a ofishinsa. Kafin a gama, ya zama akwai malamai biyu da suka san sunanka da aikinka.

Ga iyaye, da kuma 'yan mata

Iyaye su rage tambayar "yaushe za ka gama?" su ƙara da "me ka koya bana?" Kada a tilasta wa yaro fannin da ba ya iyawa don sunan kawai. Yarinyar da ta samu gurbi a bar ta ta kammala; idan aure ya zo a tsakani, a yi maganar karatun a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai. Asibitocinmu suna bukatar ungozoma da likita mace da za ta ji yaren marar lafiya. Ita kuma ɗaliba ta sani kowace jami'a tana da ofishin kula da harkokin ɗalibai inda ake kai ƙarar duk wanda ya nemi ya yi ciniki da maki.

Ƙanena, ƙanwata, ku raba shekarun nan tun yanzu. Aji ɗaya a kafa maki a koyi riƙon kuɗi. Aji biyu a ɗauki harshe ɗaya da sana'a ɗaya. Aji uku a yi koyon aiki da gaske a karɓi muƙami a ƙungiya. Aji huɗu a yi bincike kan matsalar gida, a tsara CV, a fara tuntuɓar inda ake son yin bautar ƙasa. Arziki na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Allah ya yi wa karatunku albarka, ya sa ku amfani iyayenku da garuruwanku.