Biniam Girmay: sakan goma a gaba, awa biyar a bayan wasu

Ranar Litinin 1 ga Yulin 2024, muna cikin dogon hutu, na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu da la'asar. Talabijin na kan wata tashar Faransa, ana nuna tseren keke na Tour de France, ba wanda ya damu da shi. Wani tsohon ɗalibina da ke zaune a benci ya ce, "Malam, wai wannan ma wasa ne? Tun ɗazu suke tafe a dunƙule, ba mai wuce wani."

Bai rufe baki ba abin ya canza. Masu keken suka shiga birnin Turin na Italiya, gudu ya ƙaru, wasu suka zube ƙasa. Can sai ga wani baƙin saurayi ya kutso ta gefen shinge, ya miƙe tsaye kan feda, ya riga kowa tsallake layi. Mai sharhi yana ta ihu da sunansa: Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritriya. Tun da aka fara gasar a 1903, baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa cin zango guda a cikinta ba sai ranar.

Wurin shayi ya kaure da sowa. Da ƙura ta lafa sai ɗalibin nawa ya sake cewa, "To ai aikin sakan goma kawai ya yi." Lissafinsa daidai ne. Mai gudun kusan kilomita 70 a awa yana cinye mita 200 cikin sakan goma ko sha ɗaya. Amma daga ranar na bi gasar har ƙarshe, na kuma bi tarihin yaron, sai na gane cewa sakan goman nan mutane da yawa ne suka ɗauko shi suka kawo shi bakinsu.

Yadda aikin ɗan gudun ƙarshe yake

Tour de France zango 21 ce cikin mako uku, kusan kilomita 3,500. A 2024 ƙungiyoyi 22 suka shiga, kowace da mutum takwas, jimla 176. A cikinsu akwai gwanayen hawan dutse, akwai masu tsere da agogo, akwai kuma irin su Biniam, waɗanda ake ajiyewa domin fizgar ƙarshe a ranar da hanya ta zama shimfiɗaɗɗiya.

Babban abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Shi ya sa suke tafiya a dunƙule kamar ayari. Ɗan gudun ƙarshe yana wuni a tsakiyar ayarin, abokansa na tare masa iska, suna koma wa motar ƙungiya su ɗauko masa ruwa da abinci. In tayarsa ta fashe, su za su jira shi su jawo shi ya cim ma sauran.

In ya rage 'yan kilomitoci sai su jera a gabansa. Na farko ya ba da duk ƙarfinsa ya kauce, na biyu ya karɓa, haka har na ƙarshe ya sake shi wajen mita 200 kafin layi. In ya fito da wuri iska ta cinye shi, in ya makara an rufe masa hanya. Duk wannan ana yin sa ne kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ya raba fatar mutum da kwalta sai 'yar riga.

Ranar hawan dutse kuwa azaba ce gare su. Jikinsu ya fi na mahaya dutse nauyi, ga shi akwai iyakar lokaci: wanda ya iso bayan wa'adin da aka yanke, an sallame shi daga gasar baki ɗaya. Don haka sai su haɗu a can baya su yi ƙaramin ayarinsu, suna lissafin mintoci, burinsu kawai su kai gobe.

Daga Asmara zuwa Gabon

An haifi Biniam ranar 2 ga Afrilun 2000 a Asmara, birnin da ke kan tudu sama da mita 2,300. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, jikinsa ya saba da ƙarancin iskar shaƙa tun yana yaro, abin da 'yan tseren Turai ke biyan kuɗi su hau duwatsu su nema. Italiyawa ne suka kai keke ƙasar a zamanin mulkin mallakarsu, suka tafi suka bar shi, ya zama wasan da ake rufe titi dominsa. Mahaifin Biniam kafinta ne mai son kallon tseren, ɗan'uwansa Meron Teshome kuma ɗan tsere ne da ya taɓa zama zakaran Afirka. A 2015, Biniam na ɗan shekara 15, 'yan ƙasarsa Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus suka shiga Tour de France, har Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse na wasu kwanaki. Yaro ya ga abin da idonsa, ya san mai yiwuwa ne.

A 2018 ya ci zinare uku a gasar matasan Afirka a Kigali. A shekarar ne kuma ya je cibiyar horo ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ke garin Aigle a Suwizalan, wadda ke ɗaukar yara daga ƙasashen da ba su da hali. A wata gasar matasa a Beljiyam har ya doke Remco Evenepoel a zango guda, wanda daga baya ya zama zakaran duniya.

Sai dai inda manya suka fara lura da shi, nan kusa da mu ne, a maƙwabciyarmu Gabon. A Janairun 2019, yana ɗan shekara 18, sanye da rigar ƙasarsa, ya ci zango na uku na gasar Tropicale Amissa Bongo. A gasar akwai ƙwararru daga Turai, har da Bajamushe André Greipel, mai zango 11 a Tour de France. Amfanin gasar ke nan: tana kawo ƙungiyoyin Turai ƙasar Afirka, su ga yaranmu ido da ido. Shekara na zagayowa ƙungiyar Delko ta birnin Marseille ta ɗauke shi.

Delko ba ta daɗe ba, matsalar kuɗi ta rusa ta a 2021. Yara nawa ne irin wannan ke mayar da su gida, shi ke nan an manta da su? Shi dai Allah ya taimake shi, ƙungiyar Intermarché ta Beljiyam ta ɗauke shi a watan Agusta. Wata guda bayan nan ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a birnin Leuven.

Daɗi da ɗaci a 2022 da 2023

Ranar 27 ga Maris 2022 ya ci Gent-Wevelgem, tseren wuni guda na kusan kilomita 250 a Beljiyam, mai iska da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu. Su huɗu suka ɓalle daga ayari, shi ne ƙaraminsu, ya fizga tun daga nesa, Bafaranshe Christophe Laporte ya bi shi bai kamo shi ba. Babu ɗan Afirka ta kudu da Sahara da ya taɓa cin irin wannan gasa kafinsa. Mako guda bayan nan akwai wadda ta fi ta girma, ta yankin Flanders, kowa na jiran ya shiga. Shi kuwa ya tattara ya koma Asmara wurin matarsa da 'yarsa, don ya daɗe rabonsa da gida.

Ranar 17 ga Mayu, a gasar Giro ta Italiya, ya doke Mathieu van der Poel a garin Jesi. Van der Poel da ya ga ba dama sai ya ɗaga masa babban yatsa tun kafin layi. Amma ka ji ikon Allah: a kan dandamali aka miƙa masa kwalbar giya mai kumfa da suke fesawa don murna, ya sunkuya zai buɗe, murfin ya harbo ya same shi a idon hagu. Daga wurin biki sai asibiti. Washegari bai fito ba, gasar ta ƙare masa a ranar da ya fi kowace rana farin ciki.

2023 ta zo da nata. Ranar 2 ga Afrilu, ranar da ya cika shekara 23, ya yi mummunar faɗuwa a tseren Flanders, kansa ya bugu, ya kwana a asibiti. Ya dawo ya ci zango a Suwizalan a watan Yuni, ya shiga Tour de France karon farko a Yuli, mafi kyawun abin da ya samu shi ne na uku a Bordeaux. Masu magana suka fara cewa tauraron ya dushe.

Koriyar riga

Abin da ban sani ba ranar da muke sowa a wurin mai shayi shi ne, a zangon Turin ba shi aka shirya wa nasara ba. Tsarin ƙungiyar shi ne ya share wa abokinsa Gerben Thijssen hanya. A cikin ruɗanin ƙarshe suka rabu, sai ya ga ƙofa ya shiga. Zangon shi ne mafi tsawo a shekarar, kilomita 230 da ɗoriya, sama da awa biyar a kan sirdi.

Bayan zango na biyar, ranar da Baturen Birtaniya Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 ya karya tarihin Eddy Merckx, Biniam ya karɓi koriyar riga. Ita ce rigar wanda ya fi tara maki a wuraren fizga, ana ba da ita tun 1953. Ya ƙara cin zango na takwas a Colombey-les-Deux-Églises, ƙauyen Janar de Gaulle, da na sha biyu a Villeneuve-sur-Lot.

Sai a zango na sha shida, a birnin Nîmes, saura kamar kilomita ɗaya da rabi, ya faɗi. Babban abokin hamayyarsa, Jasper Philipsen ɗan Beljiyam, ya ci zangon ya kwashe maki 50, tazarar da ke tsakaninsu ta dawo 32. Hoton da ya fi zama mini a rai a duk gasar na ranar ne: Biniam da rauni a gwiwa da hannu, abokansa na gefensa suna tura shi har ya tsallake layi. Gabansa kuma ga duwatsun Alps. Ya daure ya haye su cikin wa'adi, yana tsintar maki a hanya. Ranar 21 ga Yuli a birnin Nice ya kammala da maki 387, Philipsen na da 354. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya tafi gida da koriyar riga.

Wa zai ɗauko na gaba?

Sana'ar nan ba ta da tabbas. A Tour de France ta 2025 ya zo na biyu a zangon farko a Lille, bai ci ko guda ba, rigar ta koma hannun Jonathan Milan ɗan Italiya. A Satumbar shekarar aka yi gasar duniya a Kigali, karon farko a Afirka, amma hanyar da aka zana tana da hawa sama da mita 5,000, ba ta masu fizga ba ce. Tadej Pogačar ya ci. Biki ya zo gida, amma ba a ɗinka rigar daidai jikin ɗan gida ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matakalar da ya taka. Keken ƙwararru yakan haura Yuro 10,000, wato sama da sefa miliyan shida da rabi, iyaye nawa ne a unguwanninmu za su iya? Ƙwararrun ƙungiyoyi kusan duk a Turai suke, zuwa can kuma sai da biza, wadda samunta ga matashi ɗan Afirka aiki ne. Ita kuma Tropicale Amissa Bongo, bayan juyin mulkin Gabon na Agustan 2023 an soke ta 2024. Ƙofar da ya bi ta fito ke nan. Akwai Tour du Rwanda, akwai Tour du Faso da ake yi tun 1987, mu ma nan Kamaru muna da Tour du Cameroun da Grand Prix Chantal Biya. In suka wuce ta garinmu muna ɗaga musu hannu, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa a irin waɗannan gasanni ake gano yaro.

A ajina akwai yaran da ke tuƙo tsohon keke daga nesa kowace safiya, wani da ƙanensa a baya, su iso kafin a buga ƙararrawa. Ban ce akwai Biniam a cikinsu ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ya taɓa riƙe agogo ya auna su, ni ma har da ni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Biniam ya samu hannaye tun daga gidansu har Nîmes.

Ɗalibin nan nawa mun sake haɗuwa ranar da aka kammala gasar. Ya kalli Biniam a kan dandamali da koriyar rigarsa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, waɗanda suka tura shi ranar nan fa, su me aka ba su?" Na ce masa al'adar wasan ita ce kuɗin kyauta ana zuba su wuri guda a raba wa 'yan ƙungiya da ma'aikatanta. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu na ji magana."