Batir da 'Yan Tarkacen Na'urar Neman Zinare

Tun wajen 2009, da zazzaɓin zinare ya kama arewacin Sudan, na'urar gano ƙarfe ta sauya yadda ake neman arziki a hamada. Daga can abin ya gangaro arewacin Chadi, a watan Afrilun 2014 ya iso Djado a jihar Agadas, cikin shekarar aka buɗe Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, Muritaniya ta biyo baya a 2016. Matasa da dama daga ƙasar Hausa sun bi wannan ayari. Wani ya sayar da gona, wani ya haɗa kuɗi da 'yan uwa, duk don a mallaki na'ura. Sai dai in ana cinikin na'ura, hirar duk a kan zurfi take, wato mita nawa take gani a ƙasa. Da wuya ka ji mai saye ya tambayi awa nawa batirinta yake yi, balle ya tambayi kansa inda zai yi caji in ya yi nisan kwana biyu da gari. Alhali na'ura ba ta cika mutuwa a daji ba. Abin da ya fi zaunar da mutum a inuwa, yana kallon wasu suna aiki, shi ne batir, ko caja, ko wata 'yar waya da ta tsinke ta ciki.

Na'urorin kashi biyu ne, kuma cin wutarsu ba ɗaya ba ne. Akwai masu aika igiyar maganaɗisu ba yankewa, waɗanda ake kira VLF, irin su Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher, da AT Gold ta Garrett, da Gold Monster 1000 ta Minelab. Waɗannan ba su da haɗama. AT Gold batir huɗu take ɗauka masu girman AA, Gold Bug 2 kuma biyu masu bolt 9, 'yan kusurwa huɗun nan. Sun ƙware wajen ƙananan ƙwayoyin zinare da ke kusa da sama. Kashi na biyu su ne masu harba wuta mai ƙarfi cikin faifan da ake gilmawa a kan ƙasa su yanke, su saurari amsar ƙasa, su sake harbawa, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya. Su ake kira PI, kuma jerin GPX na Minelab, kamfanin da ke Adelaide a Ostireliya, su suka fi suna a Afirka. Suna ratsa ƙasa mai jar tama wadda ke rikita VLF, amma da wuta suke biya. Batirin GPX 4500 da GPX 5000 na litiyom ne, bolt 7.4, yana ajiye Wh 68, yana kai wajen awa 12, kuma saboda nauyinsa a baya ake goya shi cikin ɗamara. GPZ 7000, wadda ta fito a 2015 da wata fasaha ta daban, batirinta ya ɗan fi girma, amma wajen awa 8 yake yi. GPX 6000 ta 2021 ita ma wajen awa 8 take yi.

Lambar Wh ɗin nan ita ya kamata mai saye ya riƙe, ba mAh da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali ba. Lissafin ba wuya. A ninka bolt da Ah, abin da ya fito shi ne ainihin wutar da batir ya ajiye. A batirin GPX ɗin can, bolt 7.4 sau Ah 9.2 ya ba da 68. Da wannan za ka iya auna batura biyu masu bolt daban-daban, kuma da shi za ka san girman solar da kake bukata. Yana da amfani ma a filin jirgi, domin ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin litiyom da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma wanda bai wuce Wh 100 ba ba ya bukatar izini na musamman.

Akwai wani zance da ke yawo a sansani, wai in ka sa wa na'ura batir mai ƙarfi za ta ƙara zurfi. A yawancin na'urorin zamani wannan ba gaskiya ba ne, don suna da abin daidaita wuta a ciki, iya abin da suke bukata suke ɗiba. Babban batir awanni yake ƙarawa, ba ya ƙara ko inci ɗaya. Ƙarin bolt kuwa ƙona na'ura yake yi. A nan ne haɗarin wani batir yake, mai lamba 14500. Girmansa ɗaya da AA, zai shiga ramin daram, amma bolt 3.7 ne maimakon 1.5. Guda huɗu a inda aka tanadi bolt 6 sun ba da kusan 15, kuma ba mai gyaran rediyon da zai tayar da abin da suka kashe.

Ga masu na'urar da ke cin AA ko C, kamar SDC 2300 mai ɗaukar C huɗu, zaɓin a fili yake. Batirin tocila mai araha da ake sayarwa a kowane tebur ba na wannan aiki ba ne. Ba ya jure jan wuta, yana saurin saki, kuma in ya kwana biyu a ciki sai ya yi yoyo ya cinye ƙarafunan da yake taɓawa. Araha ba ta ado. Alkalin ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma shi ya dace a ajiye na ko-ta-kwana, amma shi ma yana yoyo in aka manta shi cikin na'ura wata da watanni. Mai aiki kullum NiMH ya kamace shi, wanda ake caja ɗaruruwan lokuta, musamman irin wanda ba ya zubar da caji in an ajiye shi, kamar Eneloop da Sanyo ta fitar a 2005, yanzu yana hannun Panasonic. Yana da hali guda da ya kamata a sani. Bolt 1.2 yake bayarwa, don haka alamar batir a na'ura ba za ta nuna ya cika fal ba ko da yanzu aka cire shi daga caja. Zai riƙe ƙarfinsa daidai har kusan ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci guda ba sallama. Ke nan kada ka yarda da alamar, ka yarda da agogo, ka kuma riƙe wani jeri a aljihu. Kada a haɗa sabo da tsoho, ko iri biyu a rami ɗaya, domin mai raunin cikinsu shi zai fara mutuwa, sauran su ci gaba da tura masa wuta har ya lalace.

Jabu kuwa ya cika kasuwa. NiMH mai girman AA na gaske ba ya kai mAh 3000. Batirin litiyom mai lamba 18650, wanda ake jerawa cikin manyan batura, yawancin masu kyawunsa wajen mAh 3500 suke tsayawa. In ka ga an rubuta 9900 a jikinsa, mai rubutun ne kawai yake da ƙarfin hali. Ɗauke shi a hannu ma za ka ji ya fi na gaske sauƙi. Su kansu na'urorin GPX an yi ta kwaikwayonsu ana shigo da su Afirka tare da batura da cajojin bogi, har kamfanin ya sa musu tambarin tantancewa. Batirin bogi sau da yawa ba shi da abin da ke yanke wuta in caji ya cika, kuma abu ne da mutum zai goya a bayansa yini guda cikin rana.

Zafi shi ne babban abokin gabar litiyom, kuma wannan ne wurin da mutanenmu suka fi yin asara. Ƙa'idar caji tsakanin digiri 0 da 45 take. A watan Afrilu ko Mayu, cikin motar da aka rufe ta tsaya a rana yana wuce wannan da nisa, balle gaban gilashi inda ake son ajiye kaya. Batirin da ake caja a irin wannan wuri ba zai mutu ranar ba. A hankali zai riƙa raguwa, mai awa 12 ya koma 9, ya koma 6, mai shi yana zagin kamfani. A yi caji da dare ko da sassafe, a inuwa, a kan ƙasa ko dutse, ba a kan katifa ko kusa da jarkar fetur ba. In an dawo daga aiki batir na da zafi, a bar shi ya huce tukuna. Da hunturu kuma matsalar takan juya, don daren hamada yakan yi sanyi har kusan ƙanƙara, batir mai sanyi kuwa ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, kuma caja shi a ƙasa da digiri 0 yana yi masa lahani na dindindin. Wanda ya kumbura, ko yake wani wari, ko yake zafi ba a aiki da shi, an gama da shi. Kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta. In za a ajiye na'ura har wata uku ko huɗu, a bar batir da rabin caji a wuri mai sanyi, a riƙa leƙa shi.

Sai batun inda wutar za ta fito. Cajojin Minelab suna karɓar bolt 12, Gold Monster 1000 ma da wayarta take zuwa mai baki biyu da ake maƙalawa a batirin mota. Abin yana da daɗi, amma batirin mota an yi shi ne don ya tayar da inji, ba don a yi ta tatsarsa dare da rana ba, kuma motar da ta ƙi tashi a tsakiyar hamadar Tenere ba maganar zinare ba ce kuma. Tsarin da ya fi hankali shi ne farantin sola mai wat 100, da na'urar daidaita caji, da batir na daban mai bolt 12. Rana ta cika shi, da dare ya cika na na'ura. Irin wannan faranti, in ana share masa ƙura, zai iya ba da Wh 400 a yini, abin da ya ishi na'ura biyu ko uku har da wayoyi. Ƙaramin janareta yana yi, amma wutarsa na hawa da sauka, ga shi yana cika iska da hayaniyar lantarki da na'urar PI ke ji daga nesa.

Wannan hayaniya ita ce ta haɗa batun wuta da batun kunne. Mai neman zinare ba ƙara yake jira ba. Yana sauraron wani siririn amo ne da ba ya yankewa, kamar kukan sauro, kuma zinaren da ke da zurfi ɗan lanƙwasa amon nan kawai yake yi. Duk abin da ya sa amon rawa ya ɓoye zinare: wayar salula a aljihun gaba, na'urar abokin aiki da ta matso kusa, bakin wayar batir da ƙura ta shiga, har da sababbin baturan AA na litiyom masu caji ta USB, waɗanda ke da ɗan inji a ciki mai rage bolt, wani lokaci yana sa na'ura surutu. Saboda haka nake ganin hedifon mai rufe kunne ya fi kowane ƙarin kaya daraja. Yana tare iska, kuma yana cin wuta ƙasa da lasifika. Wayar batirin GPX mai naɗi ita ce ta fi komai saurin lalacewa, ta ciki take karyewa inda ido ba ya gani. Wanda ya tafi da guda ɗaya ya yi ganganci.

Faifai ma ba girmansa ne alherinsa ba. Babba, inci 18 ko fiye, yana kai zurfi a kan babban zinare, amma yana tsallake ƙanana, kuma yana kashe kafaɗa in ba a rataye shi da igiyar roba a ɗamara ba. Ƙarami, inci 8 zuwa 11, shi ke shiga tsakanin duwatsu ya tsinci ƙwayoyin da suka fi yawa a ko'ina. Wanda ake kira mono ya fi ji, DD kuma ya fi haƙuri da ƙasa mai tama. A ƙasan faifai akwai murfin roba da ke kare shi daga gurzar dutse. A riƙa cire shi ana zazzagewa, don baƙin yashi yana taruwa a ciki ya sa na'ura ihu duk inda aka juya ta. Kowane faifai aka sa, garin zinare da ke cikin dutse ko yashin rafi na'ura ba ta jin sa, wannan aikin niƙa da wanki ne.

Sauran 'yan kaya ne masu arha. Diga mai maganaɗisu a kai, don ya kwashe ƙusa da guntun gwangwani tun kafin a ɓata lokaci. Ludayin roba, wanda za a ɗebi ƙasa a gilma shi a kan faifai har a ware abin da ke kuka. Takalmi marar ƙarfe a baki, sannan a cire zobe da agogo. Rigar yadi ga akwatin na'ura saboda ƙura da rana. Sai ɗan ƙaramin zinare na gwaji, ko guntun dalma in babu, a manne shi a jikin roba mai launi don kada ya ɓata. Kowace safiya a ajiye shi a ƙasa a gilma faifai a kansa. In amsar yau ba ta kai ta jiya ba, a duba batir da bakin waya da murfin faifai kafin a bar sansani.