Shokozobar Motar MGB: Gwajinta, Gyaranta da Sauyinta

Kalmar shokozoba aro ce daga Ingilishi, ma'anarta ta asali kuwa ita ce abin da ke shanye gargada. Sai dai sunan ya ba ta aikin da ba nata ba, domin sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke karɓar dukan da rami ke yi wa taya. Aibin sifirin ɗaya ne, watau idan aka danne shi aka saki, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa. Aikin shokozoba shi ne kashe wannan lilo domin taya ta zauna daram a kan kwalta. Duk lokacin da taya ta yi tsalle ta rabu da ƙasa, to ba ta jin burki, ba ta jin sitiyari.

Wannan al'amari ya fi tsanani ga motocin nan ƙanana da ake ƙerawa domin gudu da nishaɗi, waɗanda ake shan kwana da su cikin sauri. Alal misali MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, aka kuma fitar da fiye da rabin miliyan. Har yanzu ana hawan da yawa daga cikinsu a Ingila da Amurka, alhali kuwa 'yar autarsu ta haura shekara 40.

Shokozobar yawancin motocin yau doguwa ce kamar gora, wani sashe yana shiga cikin wani. Ta MGB, ƙirar kamfanin Armstrong, ɗan akwati ne cike da mai, da hannu a jikinsa. Idan taya ta hau ko ta sauka sai hannun ya motsa, ya tura fistin biyu da ke ciki, su kuma su matsa man ya kurɗa ta wani bawul mai ƙunci. Wuyar da man ke sha wajen wucewa ita ce ke cinye ƙarfin lilon, ta mayar da shi zafi. Abin lura a nan shi ne, a gaban motar hannun nan aiki biyu yake yi, domin shi ne kuma ke riƙe da kafaɗar taya ta sama. Saboda haka idan ya yi sako-sako, tayar ma kanta sai ta riƙa karkata.

Shokozoba ba ta mutuwa rana ɗaya. Sannu a hankali take sanyi, direba kuma yana sabawa da halinta, har ya ɗauka haka motar take tun fil azal. Gwajin da kowa ya sani shi ne a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki: in ta taso sau ɗaya ta tsaya, lafiya lau, in ta ci gaba da rawa, akwai magana. Amma wannan gwaji bai isa hujja ba, musamman ga motar da sifirinta ke da tauri, domin ƙarfin hannun mutum bai kai na ramin da aka faɗa a guje ba. Ya kamata a duba jikin akwatin, ko mai yana tsiyaya daga gindin hannu. A shafa taya kuma, domin tayar da ke tsalle takan cinye tudu da kwari. Bugu da ƙari, a gwada ƙusoshi huɗun da suka ɗaure ta gaba, don sukan kwance su haddasa ƙwanƙwasa, a ɗora wa shokozoba laifin banza.

Gwajin da ya fi inganci shi ne a kwance ta, a damƙe ta a teburin aiki yadda take zama a mota, sa'an nan a ja hannun daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Mai lafiya takan yi gardama iri ɗaya a duk tsawon tafiyar. Idan aka ji wani wuri hannun ya zurma ba tare da turjiya ba, to ko mai ya yi ƙasa iska ta shiga, ko kuwa fistin da bawul sun gaji.

In ƙarancin mai ne, magani na kusa. Akwai murfi a jikin akwatin. Sai a goge kewayensa tas kafin a buɗe, domin ƙwayar yashi guda tana iya tokare bawul. A zuba man da aka tanada domin wannan aiki, ana jan hannun a hankali har kumfa ya daina fitowa. Wasu kan ɗura mai mai kauri don gajiyayyiyar shokozoba ta yi kamar sabuwa. Wannan rufa ido ne kawai, yana kuma ƙara wa kayan ciki nauyin da ba a ƙera su dominsa ba. Sa'an nan man da ya ragu ta wata kafa ya fita, galibi ta inda sandar hannu ke juyawa, wadda kan cinye mazauninta bayan shekaru. Gyaran ƙwarai shi ne a rarake mazaunin, a dasa sabon bushin da sabon sil, aikin da sai mai injin feƙe ƙarfe. Wanda aka wanke aka shafa wa fenti kurum, yoyonsa na nan tafe.

Idan abin ya wuce gyara sai sauyi, kuma biyu-biyu ake yi, hagu da dama, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri motar ta riƙa fizga wajen kwana. Masu MGB da dama kan koma wa doguwar shokozoba irin ta Spax ko Koni. A baya wannan ba wuya, amma a gaba galibi tsohuwar takan zauna saboda tayar da take riƙe da ita, sai dai a zare mata bawul ta zama hannu kawai. Masana motar sun sha bamban a kan amfanin haka, domin mai hannun da aka gyara da kyau ta wadatar wa tafiyar yau da kullum.

Wajen kwance ta gaba akwai haɗari, saboda sifirin a matse yake. Lalle ne a tokare faifan da yake zaune a kai da jak kafin a zare ƙusar sama, in ba haka ba yana iya ɓallewa ya raunata makanike. Bayan an ɗaura sabuwa, ba a gama ɗaure ƙusoshin da ke ratsa roba sai an sauke motar nauyinta ya hau kan tayoyi, domin robar da aka ɗaure motar tana rataye takan murɗe ta tsage cikin ɗan lokaci.