Dogon Hutu Ya Zo: Me Kika Tanadar Wa Ɗiyarki?

Damina ta kankama, gero ya fara ciki a gonakin Isa da Sabon Birni, makarantu kuma sun ba da dogon hutu. To, uwar yara, me kika shirya wa ɗiyarki a waɗannan makonni? Tallan gyaɗa da zaman daka kawai, ko kuwa akwai abin da za ta koma makaranta da shi a ka?

A wasu ƙasashe hutu lokacin koyon aiki ne. A Jamus ɗaliba takan sami wurin da za ta yi aikin gwaji, ranar Asabar kuma ta hau keke zuwa filin jirgi, ta koyi tuƙa jirgin sama marar inji. Doka ta yarda mai shekara 14 ya tashi da shi shi kaɗai in ya ƙware.

Kada ki ce ƙarya ce. Ki ɗaga kai da hantsi ki dubi shirwa ko ungulu, yadda take kewaye tana yin sama ba ta kaɗa fiffike ba. Rana ce ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta taso, tsuntsuwar ta hau kanta. Haka wannan jirgi yake yi. Da dogon igiya ake jan shi har ya ɗaga, sai a saki. Daga tsawon mita 1,000 yana iya sulalawa kilomita 30 kafin ya sauka. Wani Bajamushe, Otto Lilienthal, shi ya yi ta gwada wannan tun 1891, har ya faɗo ya rasu a 1896. Ko a nan Afirka ta Yamma, Kwame Nkrumah ya buɗe makarantar koyonsa a Afienya ta ƙasar Gana a 1963.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. A nan Chinyere Kalu ta yi karatu, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta tuƙa jirgin fasinja, a 2011 kuma aka ba ta shugabancin makarantar. A duwatsun Shere kusa da Jos akwai makarantar Man O' War, wadda ta samo asali a 1951, inda ake koya wa matasa maza da mata hawan dutse da doguwar tafiya da juriya. Sannan tun 1973 hukumar ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban manyan makarantu ma'aikatu su yi watanni suna ganin aiki da idonsu. Gani ya kori ji.

Na san wata za ta ce, ai yawo ba na ɗiya mace ba ne. To, ki tuna da Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. 'Yan Taru da ta kafa a ƙasa suke takowa daga ƙauyuka, tsofaffi da 'yanmata, jaji na gaba da malfarta, su ɗauki karatu su koma su koyar. Kakanninmu ne waɗannan, ba Turawa ba. Keke ma abin a duba ne: a jihar Bihar ta Indiya, da aka fara ba 'yanmata kuɗin keke a 2006, shigarsu sakandare ta ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100.

Amma gaskiya ɗaya ce. Shekarun nan hanyoyin Gobir sun sha jinin bayin Allah, ba mu manta da fasinjojin da aka ƙona cikin mota a Disamba 2021 ba. Ba wanda zai ce ki tura yarinya daji, ko da kufan Alkalawa za ta gano, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Sai dai rashin tafiya bai zama dalilin rashin koyo ba.

Ga abin da za ki iya. Ki shawarci maigida, ku nema mata wuri cikin gari: wajen ungozomar asibiti, ko mai ɗinki, ko shagon kwamfuta da kuka amince da mai shi. Ki san wanda za ta zauna hannunsa, da lokacin fita da na dawowa, kuma ta tafi da abokiyar tafiya. Ki saya mata ɗan littafi ta riƙa rubuta abin da ta koya kullum, da dare ta karanta miki. In kuwa babbar makaranta take, aka tura ta koyon aiki Sakkwato ko Zariya, ki taimaka a samo mata masauki wajen dangi maimakon a hana ta.

Ke kuma 'yar makaranta, kada ki raina aikin da aka sa ki, ko shara ce. Ki yi tambaya, ki riƙe mutuncinki, ki dage da lissafi da kimiyya, don su ne tsanin hawa jirgin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.